Baƙin Keke: Tarihin Dokin Ƙarfen Iyayenmu Da Shawarar Da Matasa Suka Kawo

'Yan uwa na Sabo da Bodija da Shasha da Ojoo da sauran unguwannin Badun, da waɗanda ke karanta mu daga gida Arewa.

A zaman ƙungiya da ya gabata matasanmu sun kawo shawara. Suka ce a haɗa kuɗi a shigo da kekuna daga waje, irin baƙaƙen nan masu tsayi da iyayenmu suka hau, a raba wa mambobi su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin mota yana cinye babban kaso na abin da ɗan ƙwadago ke samu a yini, babur kuwa ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Da farko dattawa dariya suka yi. Daga nan sai kowa ya ɗauko labarin kekensa, har aka kira magariba ba a yanke komai ba. Shugaba ya ce a rubuta abin da aka sani game da wannan keke a sa a shafi, domin kowa ya karanta kafin zama na gaba, kada a zuba kuɗin jama'a a kan marmari kawai. Ga abin da muka tattaro.

Mu fara da sunan. Kalmar keke kanta daga bakin maƙwabtanmu Yarabawa Hausa ta karɓe ta. A wajensu tana nufin abin da ke da ƙafa mai juyawa, shi ya sa har yau muke cewa keken ɗinki da keken guragu. Tsofaffinmu suna da wasu sunayen. Akwai basukur, wanda aka lanƙwasa daga Turanci, akwai laulawa, akwai kuma dokin ƙarfe, wanda ya fi zama kirari. Amma keke ne ya ci kasuwa har Sakkwato da Damagaram. Ba abin mamaki ba ne, domin ta nan Kurmi kayan suke bi kafin su haura, kuma fatakenmu na goro da shanu su ne ke kai da komo tsakanin bangarorin biyu. Kaya da sunansa tare suka hau jirgin ƙasa.

Siffar keken da muke magana a kai a Ingila aka haife ta. A shekarar 1885 wani maƙeri a garin Kwabentiri, John Kemp Starley, ya fitar da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ƙafar baya. Kafin nan keken Turawa yana da wata ƙatuwar ƙafa a gaba, mutum yana zaune can sama kamar a kan raƙumi, in ya faɗo sai dai a kwashe shi. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya ƙirƙiro taya mai iska a Belfast. Waɗannan abubuwa biyu, sarƙa da iska, su ne suka mai da keke abin hawan talaka. A daidai lokacin ne wani ɗan ƙaramin shago da ke kan titin Raleigh a garin Nottingham ya samu mai zuba jari, Frank Bowden, ya girma ya zama kamfanin Raleigh, wanda mu muke kira Rali. Tsuntsun nan mai dogon wuya da ke jikin tambarinsa zalɓe ne.

Duk wanda ya taɓa hawansa ya san siffarsa ko da an tashe shi daga barci. Ƙafa mai inci 28, baƙin fenti da siririn layin ruwan zinare, sirdin fata mai sifirin a ƙarƙashi, madigadi gaba da baya, kariya mai faɗi, ƙararrawa, da famfo a manne jikin firam. Birkinsa ba na waya ba ne irin na kekunan yanzu, sandunan ƙarfe ne ke jan robar birki ta kama rim daga ciki. Mai tsada yana zuwa da rufin sarƙa gaba ɗaya, yadda bakin wando ko gefen babbar riga ba zai taɓa baƙin mai ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malami da zai je ɗaurin aure da farar shadda. Wanda aka yi domin ɗaukar kaya yana da sanda biyu a sama. Mutum yana zama a miƙe ne, ƙirji a buɗe, hula ba ta faɗuwa. Nauyinsa yana kusan kilo 20, giya ɗaya tal, sai 'yan ƙalilan masu giya uku ta Sturmey-Archer da ke ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, waɗanda galibi manyan ma'aikata ne ke sayen su.

Shigo da shi a wancan zamani aikin manyan kamfanonin Turawa ne. Jiragen ruwa na tasowa daga Libaful su sauke a Apapa ko Fatakwal. Keken ba a haɗe yake zuwa ba, a wargaje yake cikin akwatunan katako, firam daban, rim daban, wayoyin ƙafa a ɗaure dami-dami, komai an shafe shi da giris an naɗe da takarda saboda iskar teku. Layin dogo ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Kantunan UAC da John Holt da G.B. Ollivant da CFAO suna nan Dugbe kusa da tashar jirgi, kuma irinsu suna can Kano da Zariya da Gusau da Nguru. A bayan kantin ake haɗa keken. Yaran da suka koyi ɗaura waya a rim a bayan waɗannan kantuna su ne suka fita suka zama masu gyaran keke na farko, kuma mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba Rali kaɗai ba ne a kasuwa. Akwai Hercules da Phillips da BSA daga Bamingam, akwai Rudge mai tambarin tafin hannu, akwai Humber. Kowane yana da masoyansa, kuma gardama a kan wanda ya fi ƙarko ta ci majalisu da yawa. Abin dariyar shi ne, da tafiya ta yi tafiya duk gida ɗaya suka koma. Rali ya sayi Humber a 1932, ya sayi Rudge a 1943, ya sayi sashen kekuna na BSA a 1957, sannan a 1960 aka haɗe shi da kamfanin Tube Investments mai Hercules da Phillips. Wato dattawan da suka yi ta musu a shekarun 1960 cewa Hercules ya fi Rali, sau da yawa a kan kayan uwa ɗaya uba ɗaya suke musu. Rali ya san darajar kasuwar Afirka sosai. Tallarsa da ta fi shahara a wannan yanki ita ce ta mutumin nan da ke kan keke yana murmushi, zaki na bin sa a guje ya kasa cim masa.

An kafa Sabon Badun a 1916, kuma sana'o'in da suka raya ta, goro da shanu, sana'o'i ne na sauri da amana. Kafin waya ta shiga hannun kowa, yaron maigida a kan keke shi ne waya. Shi ke zuwa tasha ya gano ko taragon shanu ya iso, shi ke kai saƙon farashi, shi ke bi mahauta karɓar bashi. Masu sayen goro suna shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa, su ɗauro kwando a kariya su fito da shi bakin titi. Mahauci yana ɗaura akwatin nama, mai burodi yana jera nasa har ya fi kansa tsayi, wanzami yana rataya zabira a kan keke, mai koli da mai yadi suna zaga ƙauyuka ranar kasuwa. In kayan sun yi yawa ba a hawa ma, turawa ake yi, keken ya zama jaki. Badun kuwa gari ne na tuddai. Duk wanda ya tashi a Sabo ya san hawan Mokola. Da giya ɗaya da buhu a baya, sai namijin gaske ke kaiwa sama bai sauka ba, kuma samarin wancan lokaci da wannan suke gwada ƙarfi. Gangarowa ita ce ta fi haɗari, musamman da damina, domin birkin sanda in rim ya jiƙe sai ya yi kamar babu shi. Dattawanmu da yawa suna da tabo a gwiwa ko a haɓa da suka samo a nan.

Mallakar keke a lokacin ba ƙaramin matsayi ba ne. Malamin makaranta da akawu da malamin asibiti da malamin gona ana ba su bashin keke a wurin aiki, a riƙa cirewa a albashi. Sauran jama'a adashi suke yi. Ɗan ci-rani da ya sauko bayan girbi, burinsa guda uku ne: rediyo, agogo da keke. Ranar komawa gida, kafin ruwan shuka, a ɗaure keken a saman babbar mota ko a sa a taragon kaya. In ya isa garinsu, ba sai ya buɗe baki ya ce Kurmi ta karɓe shi ba. Wani ba ya ko cire takardar da aka naɗe firam da ita sai ta yage da kanta. Wani ya naɗe firam da roba mai launi, ya ƙara madubi biyu, ya sa tuntu a hannuwa, ya ɗinka wa sirdi riga. Da yamma a goge shi da tsumma da ɗan mai, da dare kuma a ɗaki yake kwana, ba a zaure ba.

Hukuma ma ta san da zamansa. Kowace shekara sai an yanki lasin, a ba ka ɗan farantin ƙarfe mai lamba ka ɗaura a jikin keken. A Arewa En'e ke karɓa, 'yan doka ke kamawa. A nan ƙasar Yarabawa akoda ne ke tare hanya. Rashin fitila da dare laifi ne, haka goyon mutum a kan sanda. Shi ya sa fitilar dainamo, mai ɗan kwalbar nan da ke gogar gefen taya, ta samu karɓuwa, ko da yake tana ƙara wa feda nauyi, kuma da ka tsaya haske ya mutu. Ranar 2 ga Afrilu 1972 da ƙasa ta koma tuƙi a hannun dama, ba direbobi kaɗai suka ruɗe ba, masu kekuna ma sun sha karo a mahaɗar hanya kafin hannu ya saba.

Mu kuma da muka taso daga baya, a wurin mai haya muka san keke. Ka tara 'yan kwabbanka ka je ya duba agogo ya ba ka na rabin awa. Ƙafarmu ba ta kai feda daga kan sirdi, sai mu zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda mu tuƙa a karkace. In ka makara da dawowa ko ka dawo da rim a lanƙwashe, maganar har gida take zuwa. Tsohon rim da aka yar kuwa shi ne gargarenmu.

Yanzu ga inda muke son matasa su natsu. Ana yawan cewa keken da ƙarfe ne na gaske, shi ya sa ya yi shekara arba'in yana aiki. Gaskiya ne ƙarfen mai kyau ne. Amma a ganinmu ba ƙarfen kaɗai ne sirrin ba. An ƙera keken ne yadda kowane ɓangare nasa za a iya kwance shi da sifana biyu ko uku da guduma, a gyara ko a sake, a mayar. Kuma a kowace unguwa akwai mutumin da ya iya yin hakan, yana zaune ƙarƙashin bishiya da akwatin kayan aiki, da daron ruwa, da famfo, da tsohon tub da yake yanka faci daga jikinsa.

Ku tuna yadda ake yi. Taya ta sace, ya zare tub ya hura, ya nutsa shi cikin ruwa har ya ga inda kumfa ke fita, ya goge wurin da samfefa, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna faci ya daddanna. Tub ɗaya sai ya ɗauki faci goma kafin a haƙura da shi. In iska na fita ta bawul, 'yar siririyar robar da ke ciki kawai za a sake, abin kwabo. Boris ɗin da ke cikin cibiyar ƙafa da wuyan keke da wurin feda ba a rufe yake ba kamar na zamani, 'yan ƙwallayen ƙarfe ne a sake. Sai a zubo su a kwano, a wanke da kananzir, a cire waɗanda suka cinye, a sa sabon giris a mayar. Hannun feda wani ɗan ƙusa mai noti ne ke riƙe da shi, in ya fara ƙara a buge shi da guduma a sa sabo. Sarƙa in ta saki a cire gaɓa ɗaya. Firam in ya tsage a kai wa mai walda. Aikin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne miƙe ƙafa. Keken Ingila na asali yana da waya 32 a ƙafar gaba, 40 a ta baya inda nauyi yake, kuma gwani yana juya ƙafar yana kallon gefen rim, yana ɗaure wannan waya yana sassauta waccan, har ta daina rawa. Wannan ba a koyon sa a wata guda.

Akwai ma wani abu da masu gyara suka sani tun kafin su san dalilinsa. Rali na Nottingham yana da nasa zaren noti na daban, zare 26 a kowane inci, alhali sauran kamfanoni na amfani da 24 a wuyan keke da wurin feda. Shi ya sa in ka sayo kayan wani keken ka ce za ka ɗaura wa tsohon Rali a waɗannan wurare, sai ya shiga rabi ya cije, in ka matsa ka lalata zaren. Don haka mai gyara na ƙwarai ba ya yar da mataccen Rali, ajiye shi yake yana cirar kaya a jikinsa. Duk wanda ke da tsohon Rali a gida ya kiyaye wannan kafin ya miƙa shi ga yaron da bai san shi ba.

Kasuwar Nijeriya ta yi girman da Rali ya kafa masana'anta a Kano, a unguwar masana'antu ta Bompai, kuma a shekarun 1970 ƙasar nan tana cikin manyan kasuwanninsa a duniya. Taya ma a gida ake samu, ga Dunlop a Ikeja, ga Michelin a Fatakwal. Amma a cikin waɗannan shekarun ne kuma darajar keke ta fara sauka. Kuɗin man fetur ya shigo, rahoton Udoji ya fito a 1974, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da ariyas a dunƙule. Malamin da ke hawan Rali ya sayi Honda ko Suzuki ko Vespa, na sama da shi ya sayi Fijo ta Kaduna ko Bokis ta Legas. Keke ya koma na manomi da ɗan aike da mai gadi. Saurayi ya fara jin kunyar zuwa zance a kansa.

Sai abubuwa suka juya. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasin. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, aka saki naira. Kuɗin da a da yake kafaɗa da kafaɗa da dala ya koma kusan naira huɗu a dala ɗaya cikin 'yan watanni. Masana'antun da ke dogara da kayan waje suka fara tangaɗi, Bompai da Sharaɗa suka yi ta yin shiru ɗaya bayan ɗaya, aikin keke na Kano ma bai tsira ba. Giɓin sai Asiya ta cike shi. Daga Sin aka samu Phoenix, wato Fonis, na birnin Shanghai, da Flying Pigeon na Tianjin wanda aka fara ƙerawa a 1950. Daga Indiya aka samu Hero, wanda 'yan uwan Munjal suka kafa a Ludhiana a 1956, da Avon da Atlas. Duk siffar keken Ingila suka ɗauka, ƙafa 28, birkin sanda, baƙin fenti, sai dai sun fi araha. Fonis ya shiga ƙauyukan Arewa har ya zama shi ne keke a wurin yaran da ba su ga zamanin Rali ba. Can Nottingham kuwa an daina ƙera keke a 2002. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Daga nan taya da tub da boris duk sai an shigo da su.

Gwamnati ta taɓa gwada farfaɗo da hawan keke. A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kira ga 'yan ƙasa su koma keke, shi kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja. Wata rana a hanyarsa ta zuwa taron majalisar zartarwa mota ta ture shi cikin kwalbati. Jama'a suka mai da abin raha, amma abin da ya same shi ya nuna matsalar da har yau ba a magance ba, wato titunanmu ba su bar wa mai keke wuri ba. A shekarun nan ne kuma acaɓa ya mamaye ko'ina, baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, yaran da da za su zauna gaban mai gyaran keke suka koma gyaran babur ko hawansa. Har sunan ma aka ƙwace. Tun daga Keke Marwa na Legas a ƙarshen shekarun 1990 zuwa Keke NAPEP, yau in ka ce keke a Badun, mai ƙafa uku za a nuna maka.

Abin da ya dawo da maganar sananne ne. A watan Yunin 2022 Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama, yaranmu da yawa suka rasa baburansu, wasu suka dawo nan hannu rabbana. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Dala kuma ta wuce naira 1,500 a 2024. Don haka matasan da suka kawo shawara ba wasa suke yi ba. Mai gadi da ke zuwa aiki Bodija daga Sabo, da mai kai kayan miya gidajen abinci, da ɗalibi, duk keke zai rage musu nauyi.

Sai dai shigo da kaya yau ba kamar aiken goro ba ne. Dole a sami kamfani mai rajista, a buɗe Form M ta banki, a sami takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, a biya kuɗin jirgi da na kwastan da na wakilin fito da kaya, sannan kuɗin mota daga Apapa ko Tin Can zuwa nan. Masana'antun Sin da Indiya ba sa kula mai sayen ashirin ko talatin, maganar kwantena suke yi. Da dala za a biya, kuma tsakanin ranar biya da ranar isowar kaya watanni ne, naira na iya yin ko wane irin motsi. In kwantena ta kwana a tasha fiye da ƙa'ida, kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake. Bayan duk wannan, kekunan a wargaje za su iso cikin kwali, kamar yadda suke isowa Dugbe shekara saba'in da suka wuce. Wa zai ɗaura wayoyin ƙafa ɗari-ɗari ya miƙe su?

Mun zaga mun duba kafin mu rubuta wannan. Masu gyaran keke na gaske da suka rage a unguwarmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, dukkansu sun manyanta, kuma babu wanda muka tarar da yaro a gabansa yana koyo. Ɗaya daga cikinsu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya nuna mana wani Rali da ya ce ya girmi 'ya'yansa duka, har yanzu da shi yake zuwa masallacin Juma'a. Ya kuma ja hankalinmu cewa baƙin keke sabo da ake sayarwa yanzu ba duka ne ɗaya ba. Akwai mai kyau, akwai mai tambarin ƙarya wanda rim ɗinsa ke tsatsa a damina ɗaya, kuma ido a hoto ba ya bambance su, sai an ɗaga an ji nauyi an ƙwanƙwasa. Mun taɓa ganin irin haka a kan kekunan ɗinki da aka sayo wa zawarawa a 'yan shekarun baya, rabinsu suka tsaya kafin shekara saboda ba wanda ya duba su kafin a biya.

Akwai kuma tambayar ko baƙin keken ne ma ya dace da kowa. Ga mai ɗaukar kaya, babu kamarsa har gobe. Amma ga yaron da zai hau Mokola sau biyu a rana ba tare da kaya ba, kekunan kwatano masu giya da ake shigowa da su daga Japan da Turai sun fi sauƙi a ƙafa, ko da yake in giyarsu ta lalace samun kayanta wahala ne. Dattawa ba za su so jin wannan ba, amma haka abin yake.

Saboda haka abin da ofishin sakatare zai gabatar a zama na gaba shi ne, a ajiye maganar kwantena tukuna. A sayi kekuna goma daga dilolin da ke cikin ƙasa, Legas ko Kano ko Anaca, a tafi da ɗaya daga cikin dattawan masu gyara ya zaɓa da hannunsa. A ware wani abu daga kuɗin a sayi kayan aiki da taya da tub da boris a ajiye. A nemo yara biyu ko uku daga cikin waɗanda suka dawo daga Legas, a zaunar da su gaban dattawan nan, ƙungiya ta riƙa ba su kuɗin abinci na wata shida. In damina ɗaya ta wuce kekunan goma suna kan titi kuma yaran sun iya miƙe ƙafa, sai a sake buɗe maganar shigowa da yawa.

Wanda ke da ra'ayi daban ya zo da shi zama, ko ya rubuta a ƙasa. Muna kuma roƙon duk wanda ke da tsohon keken mahaifinsa a jingine a bayan ɗaki, ko farantin lasin, ko rasiɗin kanti, ko hoto, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya kawo ofis bayan la'asar ranar Asabar ko Lahadi, mu ɗauki hoto mu rubuta sunan mai shi da shekarar da ya saya, wanda zai gyaru kuma a fara koya wa yaran aiki a kansa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin ƙungiya.